A Kan Sayen Tsohuwar Na'urar Gem Ta Hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da masu karatu da dama za su ɗauka wasan yara ne, alhali ya shafi aljihun magidanci, ya kuma shafi yadda 'ya'yansa ke cinye lokacinsu. Duk inda iyaye suka haɗu a yau, ko a wurin ɗaurin aure ko a majalisar bayan la'asar, ƙorafin da ake yi ɗaya ne, wato waya ta ƙwace yara, kowa ya kifa kai a kan tasa ko a kan ta mahaifiyarsa, ba ya jin kira ba ya jin aike. Shawarar da ake bayarwa kuma ba ta wuce biyu, ko dai a ƙwace wayar gaba ɗaya, ko a zuba ido a yi haƙuri. Ni ina da ta uku wadda na gwada a gidana na ga amfaninta, ita ce a sayi tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta hannu, irin wadda Turawa da mutanen Japan suka gama yayinta shekaru da dama da suka wuce, a haɗa ta da talabijin ɗin falo inda idon kowa yake.

Wadda na saya ita ce PlayStation 2, siririyar, wadda matasa ke kira PS2. Kamfanin Sony ya fito da wannan na'ura a Japan a watan Maris na shekarar 2000, ya fito da siririyar a 2004, bai kuma daina ƙera ta ba sai a farkon 2013. A tsawon wannan lokaci an sayar da fiye da miliyan 155, adadin da ya sa ta zama na'urar gem ta gida da aka fi saya a tarihi. Wannan yawa shi ne sirrin arahar da take da ita a wurinmu. Da masu ita a Turai da Amurka suka koma kan sababbi, sai tsofaffin suka biyo hanyar da firji da rediyo da talabijin na hannu ke biyowa, suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, suka ratsa kasuwar Alaba, daga nan dillalai suka hauro da su Arewa. Saboda haka kayan gyaranta ba sa wahalar samu, kuma duk babban gari ba a rasa mai gyaran da ya buɗe cikinta sau ba adadi, tun zamanin da gidajen gem ke cika maƙil da samari a kowace unguwa. Kuɗin da na biya, har da hannun wasa guda biyu da katin ajiya, bai kai na ƙaramar wayar Android ba.

Babban dalilina bai tsaya ga araha ba. Tsohuwar na'ura abu ce da aka gama ƙerawa, aka rufe littafinta, ba ta sake neman komai daga gare ka bayan ka biya kuɗinta. Ba ta cin data, ba ta neman kuɗin wata-wata, ba ta katse yaro a tsakiyar wasa ta nuna masa tallar caca ko hoton da iyayensa ba za su so ya gani ba, kuma ba ta haɗa shi hira da wani baƙo da ba a san ko wane ne ba a wata uwa duniya. Wasannin waya da ake cewa kyauta ne, da yawansu an tsara su ne ta yadda mai wasa zai riƙa cijewa har sai ya biya wani abu kafin ya wuce gaba, ko ya kalli talla bayan talla. Sabuwar PlayStation 5 kuwa, da ta fito a 2020, dala 499 aka sa wa mai ɗaukar faifai, sannan wasanninta kan bukaci a sauke gyare-gyare masu cin gigabait da yawa kafin a fara, kuma yawancin wasa da wasu ta intanet sai da biyan kuɗin rajista. Magidancin da ke lissafin buhun shinkafa da kuɗin makaranta ba shi da abin yi da wannan. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan fage maganar ta zauna daidai.

Sai dai sayen kayan lantarki na hannu yana da ƙa'ida, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne mutane ke asara. Abu na farko shi ne kada a yi cinikin biri a sama. Duk mai shagon da ya ce babu wuta, ko ya ce ba shi da talabijin ɗin gwaji, ka tafi da ita gida in ta ƙi ka dawo, to ka yi masa sallama ka nufi shago na gaba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya nuna cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. Wanda ya san wannan ba zai ji kunyar cewa a kunna masa ya gani da idonsa ba.

Kafin ma a kai ga kunnawa, a juya na'urar a karanta takardar da ke manne a jikinta. Akwai lamba da ke farawa da haruffan SCPH, kuma lambar ƙarshe tana faɗa maka ƙasar da aka yi wa ita: sifili na Japan ne, 1 na Amurka, 3 na Ingila, 4 kuma na sauran Turai. Muhimmancin wannan ya zo ta fuska biyu. Ta fuskar wuta, Najeriya tana kan bolt 230, Amurka tana kan 120, Japan kuma 100, saboda haka babbar PS2 mai kauri da aka yi wa Amurka ko Japan, in aka soka ta kai tsaye a soket ɗinmu ba tare da tiransifomar rage ƙarfin wuta ba, ƙara ɗaya za ka ji sai warin ƙuna. Siririyar ta fi sauƙi a nan, domin adaftarta ta asali tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, amma duk da haka a karanta abin da ke rubuce a jikin adaftar, tun da sau da yawa wadda ake haɗa maka da ita ba tata ba ce. Ta fuskar hoto kuma, talabijin ɗinmu na tsarin PAL ne irin na Ingila, Amurka da Japan kuwa suna kan NTSC, don haka tsohuwar talabijin da ba ta san tsarin biyu ba za ta iya nuna maka hoto fari da baƙi, ka yi ta zargin wayar da ke haɗa ta da talabijin alhali lafiyarta lau. Faifan asali ma an kulle su bisa yanki, na Amurka ba ya tashi a na'urar Turai. Wanda ya samu ta Ingila ko ta Turai ya huta da duk wannan.

Bayan an kunna, abin da ya fi saurin mutuwa a wannan na'ura shi ne idon da ke karanta faifai. Faifan da take ɗauka iri uku ne, ana gane su ta kalar gindinsu: baƙi na PlayStation ta farko ne, wanda ita ma PS2 ke iya bugawa, mai shuɗi-shuɗi CD ne, mai ruwan azurfa kuma DVD. Ido yakan gaji ya ci gaba da karanta wani iri ya ƙi wani, shi ya sa gwada faifai ɗaya bai wadatar ba. A saurara da kyau, in ana jin ƙas-ƙas kamar tana ta ƙoƙarin kamawa tana sakewa, ko ta daɗe tana juyi kafin ta buɗe wasa, to idon ya kama hanya. Siririyar tana da wata matsala tata ta daban, wato wata 'yar waya mai faɗi da ke bin idon, wadda in gam ɗinta ya saki takan ɗago ta riƙa gogar faifai har ta zana masa da'ira. A cire faifan gwajin a duba shi a haske kafin a biya kuɗi. Kada kuma a yi gaggawar kashewa, a bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, domin akwai wadda sai ta ɗauki zafi take nuna halinta.

Hannun wasa shi ma sai an lura. Na asali yana da ɗan nauyi, wayarsa tana da kauri, kuma sandunan nan biyu da ake juyawa da babban yatsa suna komawa tsakiya da kansu da zarar an sake su. Na jabu shafal yake, kuma ba ya daɗewa sai ka ga ɗan wasanka yana tafiya gefe shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. Tsohon na asali da ya ɗan goge ya fi sabon jabu da ke ƙyalli a cikin leda. Wani mai shago ya so ya haɗa ni da irin waɗannan, yana rantsuwa cewa daga kamfani suke, sai na ɗora ɗaya a tafin hannun dama, na ɗora tsohon na asali a na hagu, na miƙa masa na ce ya auna da kansa. Murmushi kawai ya yi ya mayar da nasa cikin kwali.

A gida, na'urar tana son abubuwa biyu da ƙasarmu ba ta cika bayarwa ba, wato tsayayyiyar wuta da iska marar ƙura. Sitabilaiza ko soket mai kariya daga hawan wuta ya zama dole, kuma a zare ta daga bango da zarar an ɗauke wuta, domin dawowar wutar ce ke kashe kaya. Lokacin hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle in ba a amfani da ita, kada a ajiye ta a kan kafet inda za ta shaƙi ƙura ta toshe kafofin shan iskarta. Game da talabijin, wanda yake da tsohuwa mai ƙeya a ɗakin ajiya ya fito da ita, domin don irinta aka zana waɗannan wasanni. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, a kan faffaɗar talabijin ta zamani takan ba da hoto dishi-dishi, kuma wasu daga cikin sababbin suna ɗan jinkiri tsakanin danna madanni da ganin motsi. A kan mai ƙeya kuwa hoton yana fita tas, motsin kuma nan take.

Daɗin abin, Malam Edita, ya fi fitowa a wasan ƙwallon ƙafa. Wanda ya yi zamanin gidajen gem ya san Winning Eleven da Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, musamman na 2006 da har yau wasu ke cewa ba a yi kamarsa ba. Ya kuma san cewa a tsofaffin fitowar wannan wasa, ɗaya daga cikin 'yan wasan da suka fi kowa gudu shi ne Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, yana kuma cikin tawagar da ta ciwo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Saurinsa a cikin gem ya sa ya yi suna a wurin matasan ƙasashen da ba su taɓa ganin wasansa a fili ba. 'Ya'yana ba su san shi ba, ba su san Okocha da Kanu ba sai a bakin manya, amma ta wannan hanya muka shiga hirar yadda aka doke Brazil da Ajantina a waccan gasa, hirar da ban taɓa samun kunnensu a kanta ba. Na'urar tana da kafar hannu biyu ne, saboda haka dole a zauna kafaɗa da kafaɗa, dole a yi layi, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba, ƙanwa ta jira yayanta, yaya ya haƙura in ƙanwarsa ta zura masa. Ana gardama, ana dariya, wani lokaci har da ɗan kuka, amma duk a ɗaki ɗaya ake yi, a gaban uwa da uba. Ni kaina a yanzu ba kasafai nake cin babban ɗana ba, kuma ya san ba rangwame nake yi masa ba.

Akwai wani ɗan abu da ke burge ni duk lokacin da aka kunna ta. Kafin wasa ya buɗe, allon yakan nuna wasu dogayen ginshiƙai tsaye a cikin duhu mai shuɗi, kamar benaye a cikin hazo. Yawancin mutane suna ɗauka ado ne kawai, amma ginshiƙan suna ƙaruwa suna kuma tsawo ne gwargwadon wasannin da aka buga aka adana a katin ajiya. Katin da na saya, mai megabait 8, ya zo da ajiyar tsohon mai shi a ciki, har da kwanan watan shekarun da ya yi wasa da kofunan da ya ci a tseren mota. Yaran suka ce kada a goge, muka bar masa kayansa a gefe muka buɗe namu.

Ba zan ɓoye inda gizo ke saƙa ba. Tsufan na'ura bai mayar da duk wasannin da ke kanta na yara ba. Wasan da aka fi saya a kan PS2 shi ne Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, wanda ke cike da sata da harbi da maganganun batsa, kuma masu shi da kansu sun rubuta cewa na manya ne, amma haka ake zuba wa yara 'yan firamare shi a gidajen gem ba mai cewa uffan. A Amurka, sai da Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraron bahasi a 1993 kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat, daga nan aka kafa hukumar ESRB a 1994 domin ta riƙa sa wa kowane wasa alamar shekarun da suka dace. Turai ta kafa nata tsarin mai suna PEGI a 2003, wanda ke rubuta 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18 ɓaro-ɓaro a gaban kwali. Matsalarmu ita ce yawancin na'urorin da ake sayarwa a nan an riga an yi musu dabarar da za su buga wasanni daga filash, mai shago ya loda maka ashirin ko talatin a dunƙule, babu kwali balle alama. Wajibi ne uba ya zauna ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ya sa a cire abin da bai yarda da shi ba kafin na'urar ta shiga gidansa. Ya kuma sani cewa waɗannan kwafi ne da aka yi ba da izinin masu su ba, kuma da yake kafar filash ta PS2 tsohuwar USB ce mai jan ƙafa, hoto yakan riƙa sarƙewa a wasu wurare. Inda faifan asali na hannu ya samu, shi na fi so. Ƙa'idar gidana kuma ba ta da tsawo: ba a kunnawa sai an dawo daga Islamiyya an gama aikin gida, kuma da an kira salla ake ajiye hannu ko da ana tsakiyar bugun fanareti.

Masu sha'awar abin da ya girmi PS2, irin su Sega Mega Drive da ta fito a 1988, ko Famicom ta kamfanin Nintendo ta 1983, su yi hattara da jabu, domin su ne suka fi yawa a kasuwa. Yawancin abin da muka buga muna yara, mai kaset ɗin da aka rubuta wasa dubu tara da ɗari tara a jikinsa alhali wasa goma ne ake ta maimaitawa, kwaikwayon Famicom ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, kuma ba mu kaɗai ba ne, 'yan Rasha ma da irinsa suka tashi a ƙarƙashin sunan Dendy. Ba laifi ba ne mutum ya saye shi in ya san abin da yake saya, laifin shi ne a karɓi kuɗin asali a ba shi kwaikwayo. Na'urorin kaset suna da ƙarko fiye da na faifai tun da babu abin da ke juyawa a cikinsu, sai dai a daina hura musu iska da baki kamar yadda muka saba, domin danshin numfashi tsatsa yake jawo wa haƙoran kaset. Auduga da ɗan sifirit sun isa. Kada kuma a ɗauki adaftar wata na'ura a soka wa wata don kawai bakin ya shiga, domin ko tsakanin Mega Drive ta farko da ta biyu adaftar ba ɗaya ba ce.

Wani abin da ya kamata masu irin waɗannan kaya a ɗakunan ajiya su sani shi ne darajarsu tana ƙaruwa a duniya. Wata cibiyar adana tarihin wasannin bidiyo a Amurka ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a can kafin 2010 ba a sayar da su a kasuwa yanzu, wanda ke nufin tsohon faifai da tsohon kaset kusan su ne kaɗai halastacciyar hanyar buga mafi yawansu. A 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. guda ɗaya da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba a kan dala miliyan 2. Ba ina cewa wanda ke ƙarƙashin gadon wani a Fagge ko Tudun Wada zai yi irin wannan kuɗi ba, wanda aka buga aka goge ba ya kusantar haka. Abin da nake cewa shi ne asara ce a miƙa wa 'yan jari-bola na'urar da fiyus kawai ta ƙone ko idonta ya gaji, su fasa ta da guduma su ƙona wayoyinta don ɗan jan ƙarfen da ke ciki, hayaƙin ya bi unguwa, alhali mai gyara zai tashe ta da kuɗi kaɗan ta sake yi wa wani gida shekaru.

Ina kira ga shugabannin 'yan kasuwar kayan lantarki a Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu da su wajabta wa mambobinsu ajiye talabijin ɗin gwaji a shago, su kuma riƙa rubuta lambar na'ura a kan rasit tare da wa'adin 'yan kwanaki da mai saye zai iya dawowa da ita in ta nuna matsala. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka na shafin kimiyya da fasaha ya zauna da masu gyaran waɗannan na'urori, ya ji daga bakinsu wace iri ce ta fi jure wutarmu da ƙurarmu, nawa ne kuɗin canza ido a yau, da kuma yadda mai saye zai bambance adafta ta asali da ta jabu.

Wassalam.

Naka,
Wani magidanci mai karanta jaridarku daga Kano